Shafi na Talatin da Takwas

Ranar Lahadin da ta wuce ku uku kuka zo gidan nan da takardunku na jami'a, kuka zauna a kan wannan tabarmar, kuka ce in nema muku hanya a ofishinmu. Da na tambaye ku me ya sa aikina kuke so, sai ɗayanku ya ce ai shi ne mafi sauƙi a harkar: ba a ɗaukar kaya, ba a shan rana, tambayoyi kawai ake yi a dawo cikin sanyin ofis a zana akwatuna da kibiyoyi. Ban amsa ba a ranar don akwai baƙi a ɗaki, kuma na san bakina. Yau babu baƙo. Ku ajiye wayoyinku.

Sunan aikin analis, kamar yadda kuka gani a takardar neman ma'aikata. Mai kamfani zai zo ofishinmu ya ce yana so a gina masa lojisiyel, wato tsarin da ake ɗorawa a kwamfuta ko a waya don ya tafiyar masa da harkarsa. Masu gina tsarin ba su san harkarsa ba. Shi ma mai kamfanin, in ana son gaskiya, rabinta ya sani, sauran rabin yana kan ma'aikatansa. Ni ce ake turawa in je in zauna da ma'aikatan nan, in ga yadda aikin yake tafiya da gaske, in rubuta shi yadda mai gini zai gane, in kuma faɗi abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba. Shekara ashirin da biyu ke nan ina yi. Kayan aikina littafin rubutu ne mai kaurin bango, wanda muke ce wa kaye, da alƙaluman bik biyu, baƙi na abin da aka gaya mini, ja na abin da na gani da idona. Sai agogon hannu, da takalmin roba mai tsawo, da 'yar kujera mai naɗewa, don yawancin wuraren da nake zuwa ba wanda zai ba ka wurin zama. Kwamfuta ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani.

Aikina na farko a wata tashar motocin arewa aka yi shi, a wurin karɓar saƙonni. Lokacin ina staj, wato koyon aiki, a ƙarƙashin Madam Ngono, wata doguwar mace mai furfura wadda ta kai shekara talatin a harkar kafin in zo. Ta ce in je in yi sati biyu, kuma kwana ukun farko kada in tambayi kowa komai, in zuba ido kawai. Na ga wannan ɓata lokaci ne. Ranar farko na kama shugaban wurin na yi masa tambayoyi, ya bayyana mini komai tsaf: a karɓi kaya, a auna, a cika takarda, a ba mai kaya rabinta, a liƙa rabin a jikin buhu. Na rubuta shafi shida masu kyau na kai mata. Ta karanta a tsaye, ta miƙo mini, ta tambaye ni idan ruwa ya jiƙa takardar da ke jikin buhu, yaya masu lodi suke sanin wanne ne na Garoua wanne ne na Maroua. Ban sani ba. Ta ce in koma.

Da na koma na rufe bakina, sai na ga masu lodin ko kallon takardar ba sa yi. Wani dattijo ne a bakin sito yake yi wa kowane buhu alama da alli, zane ɗaya na Ngaoundéré, biyu na Garoua, da'ira ta Maroua. Wannan allin shi ne yake tafiyar da tashar gaba ɗaya, kuma shugaban wurin bai ambace shi ba, don shi a wurinsa ba aiki ba ne. Madam Ngono ta ce daga ranar in riƙa raba abin da na ji da abin da na gani, kada in bari su haɗu a launi ɗaya. Shekara uku na yi a hannunta. Ba ta taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba, amma da za ta yi ritaya, kujerarta mai naɗewa ta bar mini.

Yanzu bari in gaya muku yadda abokan aiki suke ganin mai wannan sana'a, don wannan ne ba a koya muku a makaranta ba. A ƙarshen kowace shekara ofishinmu yana da wata al'ada. Ana raba wa kowa takarda mai gida biyu, ka rubuta ƙarfin abokin aikinka a hagu, rauninsa a dama, ba ka sa sunanka. Direkta ya tattara, ya kira ka ofishinsa ya karanta maka ɗaya bayan ɗaya. Nawa kusan kullum iri ɗaya ne. A hagu: Madam Ramatu tana jin Hausa da Fulatanci, 'yan kasuwa suna sakin jiki da ita, ba ta mantuwa. A dama: tana da jinkiri, tambayarta ta yi yawa, matsala take kawowa ba mafita ba, takardunta sun cika tsawo.

Gidan hagun ne ya fi ba ni haushi, ba na daman ba. Shekara biyar na yi a jami'a, uku a hannun Madam Ngono, amma abin da suka gani a jikina shi ne harshen da na sha a nono. Ba wanda ya taɓa rubuta wa Mbarga, shugaban ayyukanmu, cewa ƙarfinsa shi ne yana jin yarensu na Ewondo. Shi ana rubuta masa hangen nesa da iya jagoranci. Ni kuwa tafinta ce mai lulluɓi daga unguwar nan tamu ta Briketeri, wadda ake ɗauka idan za a je wurin masu shanu. Idan aiki ya yi kyau, a ce masu gini sun ƙware. Idan ya lalace, a ce analis ba ta fahimci abin da ake so ba. Aikin da idan ka yi shi daidai ba wanda zai san an yi shi, shi kuke cewa mai sauƙi.

Aikin naman Alhaji Buba shi ne ya kawo mini shekarar da ba na son tunawa. Alhaji Buba mutumin Garoua ne da ya daɗe a Yaoundé. Yana sayen shanu a kasuwar dabbobi ta Etoudi, a yanka, a kai ɗakin sanyinsa, daga nan masu babur su rarraba wa masu soya, wato tsire, da masu kilishi, mata masu abinci da wasu otal-otal. Ya zo ofishinmu ya ce ya gaji da hayaniyar waya da safe. Yana so kowane mai saye ya buɗe wayarsa tun yamma ya danna kilo nawa yake so, da safe tsarin ya fitar wa kowane mai babur hanyar da ta fi kusa, shi ke nan. Mbarga ya ce abu ne mai sauƙi, ya yi masa alkawarin watan Oktoba. Sannan aka juyo aka ce in je in rubuta yadda ake yi.

Sati uku na yi ina sallar asuba in kama hanyar Etoudi. Ku da kuke cin soya da yamma a bakin titin nan ba ku san me ake yi kafin ta iso kan wuta ba. Jini har idon sawu, ruwa, ihu, ƙahoni, masu ɗauko cinyoyi a kafaɗa suna gudu, in ba ka kauce ba su bi ta kanka. Daga can in bi motar nama zuwa ɗakin sanyi. A bakin ɗakin akwai wani benci, a kan bencin akwai Baba Sale.

Baba Sale dattijo ne ɗan asalin Ngaoundéré, tsohon mahauci, ƙafarsa ɗaya ta samu matsala ya daina fawa. A takardar kamfani sunan aikinsa mai amsa waya. Yana da wayoyi biyu ƙanana masu maɓalli, ɗaya an ɗaure ta da roba, ga butar shayi a gefe. Ranar farko ya dube ni ya tambaye ni ko ni 'yar waye ce. Da na ce 'yar Malam Inuwa tela, sai ya matsa ya ce in zauna, ai babana ne ya ɗinka masa rigar aurensa. Daga nan kullum sai ya zuba mini shayi kafin in buɗe kaye, kuma duk abin da na tambaya sai ya faɗa mini har da ƙari.

Abin da na rubuta da jan bik a satin nan uku ya fi duk abin da na taɓa rubutawa. Mai soya ba nama yake saye ba, wuri yake saye a jikin saniya. Wannan tozo yake so, wancan hanta da ƙoda, wancan tsoka marar jijiya da kitse daidai gwargwado. Saniya ɗaya kuwa tozo ɗaya gare ta, hanta ɗaya. Baba Sale ya san wanda ya samu tozo jiya da wanda aka hana shekaranjiya, yana juya shi a tsakaninsu ba tare da ya rubuta ba, kuma shekara da shekaru ba a yi faɗa ba. Ba wanda ya san shanu nawa za a samu sai likitan dabbobi ya duba ya buga hatimi, don wani lokaci yakan hana ɗaya ko biyu. Masu kilishi dole a fara kai musu, ko da su ne mafi nisa, saboda sai sun yanka sun shanya kafin rana ta yi ƙarfi. Mai soyar da ba shi da firiji kuwa ba a kai masa da wuri. Babban abin shi ne sama. Misalin ƙarfe takwas Baba Sale zai ɗaga kai ya dubi hadari. Idan ya ga ruwan yamma ne, ya san masu soya ba za su yi ciniki ba, sai ya fara kiransu yana rage musu, ya kira matan unguwar Madagascar da na Elig-Edzoa masu dafa abinci a rumfa ya tura musu ragowar. Kafin ƙarfe tara ya gama raba shanu shida da baki, bai tashi daga kan benci ba.

Na dawo ofis na rubuta takarda mai shafi sittin da ɗaya. A shafi na talatin da takwas na rubuta a fili cewa tsarin da Alhaji yake so ba zai yi aiki ba idan babu mutum a tsakiya mai tabbatar da oda da safe, bayan likita ya gama kuma an ga yanayin sama. Na rubuta cewa a riƙa yin oda da sunan wurin nama, ba da kilo kawai ba, kuma a bar masu saye su yi ta da murya, don da yawansu ba sa karatun Faransanci. Na ja layi a ƙarƙashinsa.

Ranar taro Mbarga ya taƙaita shafi sittin da ɗayan nan zuwa hoto biyar a jikin bango. Akwai waya mai launi, akwai taswira da babura suna tafiya a kai. Babu Baba Sale, babu ruwan sama, babu likita. Alhaji Buba yana ta gyaɗa kai, direkta yana murmushi. Na ɗaga hannu na ce akwai magana a shafi na talatin da takwas. Mbarga ya ce eh ya gani, ƙananan bayanai ne, za a duba su a zagaye na biyu, yanzu lokaci ya ƙure. Na dubi direkta, ya dubi agogo. Na sauke hannuna. Aka zagayo da takardar amincewa, kowa ya sa hannu, ni ma na sa. A raina na ce ai na rubuta, duk wanda ya ƙi karantawa shi ya sani.

Aka ƙaddamar a tsakiyar daminar Oktoba. Sati ɗaya kafin nan aka kira Baba Sale aka ce masa an gode, yanzu waya za ta riƙa amsa kanta. Ban ji wannan ba sai daga baya, don a lokacin an riga an tura ni wani aikin.

Ranar farko tsarin ya sayar da tozo goma sha ɗaya daga shanu huɗu. Masu babur suka riƙa isa wurin masu soya da tsoka a maimakon abin da suka danna, ana zaginsu. Masu kilishi ba su ga nama ba sai bayan azahar, don taswira ta ce su ne mafi nisa. Rana ta uku aka tashi da hadari, aka yi ruwa tun la'asar. Tsarin bai san hadari ba, ya tura wa kowa abin da ya danna jiya. Masu soya suka ƙi karɓa, aka dawo da nama jiƙe a bayan babura, matan rumfa kuma ba wanda ya san lambobinsu a wurin Alhaji, don suna cikin wayar da aka ɗaure da roba. Washegari wuta ta ɗauke rabin yini, injin ɗakin sanyi ya kasa ɗaukar kayan da ya ninka na kullum. Naman da aka zubar a satin nan, ni da na leƙa na gani ba na son in faɗa muku yawansa. Cikin sati biyu rabin masu sayen Alhaji sun koma wurin wasu.

A ofis aka yi ta taro ana neman mai laifi, wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni a unguwar nan ya faru. Masu soyar da ke bakin titinmu, waɗanda suka san ni tun ina zuwa makarantar allo, sun ga na zauna kusa da Baba Sale sati uku ina rubutu, sannan suka ga an sallame shi, sannan suka ga abin da ya biyo baya. Me kuke so su ɗauka? Na riƙa wucewa ina gaishe su suna amsawa da ƙyar, wasu su juya su kama gyaran wuta. Wani ya je har wurin mahaifiyata ya ce mata 'yarta ta kwashe sirrin dattijo ta sayar wa masu kwamfuta. Ta kira ni ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na fara yi mata bayanin shafi na talatin da takwas, ta ce ita ba shafi ta tambaye ni ba.

Da Disamba ta zo aka raba takardar nan mai gida biyu. Direkta ya kira ni ya fara karantawa. Hagu dai kamar kullum, Hausa da Fulatanci. A dama kuwa akwai sabon layi: ta san aikin zai rushe, amma ta yi shiru ta sa hannu.

Ban bari ya ƙarasa ba. Na miƙe na je na ɗauko takardar mai shafi sittin da ɗaya, na buɗe wurin, na ajiye masa a kan tebur da ƙarfin da ya sa kofinsa ya yi tsalle. Na ce ya karanta da babbar murya. Na ce shekara nawa ana rubuta mini cewa matsala nake kawowa, yau kuma an ce ban kawo ba, su zaɓi ɗaya. Na ce Mbarga ne ya yi alkawarin Oktoba kafin a san ko saniya tozo nawa gare ta, shi ne ya cire dattijon daga hoto, kuma na tabbata a takardarsa har yanzu hangen nesa aka rubuta. Direkta ya ce in kwantar da hankalina, ba a san wanda ya rubuta ba, ra'ayi ne kawai. Na fito na bar ƙofarsa a buɗe. Ni a lokacin na gama yanke hukunci cewa Mbarga ne ya rubuta don ya wanke kansa.

Ina tattara kayana sai ga Tanyi ya zo ya tsaya a gaban teburina. Tanyi shi ne babban mai gina tsarin a ofishinmu, mutumin yankin masu Turanci ne, ba ya yawan magana, kuma a duk ofishin shi kaɗai ne na san yana karanta takarduna har ƙarshe. Ya jawo kujera ya zauna.

"Ma Ramatu, ni na rubuta," ya ce.

Na tambaye shi ko bai ga shafin ba ne.

"Na gani. Sau biyu na karanta, har na nuna wa Mbarga ya ce in gina abin da aka ce in gina. Ranar taro ke nake kallo. Ni ban je Etoudi ba, ban ga komai da idona ba, idan na yi magana za a ce tsoron aiki nake ji. Ke kika gani. Na ce idan kika tsaya, zan tsaya a bayanki. Kika faɗi lambar shafi, kika zauna."

Na ce masa ni aikina in rubuta ne, ba in yi dambe da shugabanni ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya rubuta shi a gidan dama. Ya ce duk ofishin sun san idan na ce abu zai faɗi to zai faɗi, kuma a ganinsa wannan ne ya kamata a riƙa rubutawa a hagu, ba harshe ba. Amma ina ɓoye shi a tsakiyar takarda kamar wadda take so a gano daga baya cewa ita ce mai gaskiya.

Kwana uku ban yi masa magana ba. Har yau idan na tuna yadda ya faɗi maganar a natse sai raina ya ɓaci, kuma har yau ban samo inda ya yi ƙarya ba. Sauran abubuwan da suke rubuta mini, jinkiri da yawan tambaya, ban karɓe su ba kuma ba zan karɓa ba, don su ne aikin kansa. Wanda yake gaggawa ya je ya sayar da tozo goma sha ɗaya. Amma wannan ɗayan nawa ne.

A farkon sabuwar shekara na yi abin da dokar ofis ta hana. Na rubuta shafi ɗaya tak, na tafi wurin Alhaji Buba ba tare da Mbarga ya sani ba. Na same shi a bakin ɗakin sanyi, ya rame. Na gaya masa da Hausa, ba hoto ba taswira, cewa abin da ya nema tun farko ba zai taɓa yiwuwa ba, na sani tun kafin a gina, kuma na sa hannu. Ya tambaye ni me ya hana ni faɗa masa a ranar, ga shi ga ni a ɗaki ɗaya. Na miƙa masa shafin. Shi ne ya kira direkta ya ce ko a gyara yadda takardar nan ta ce, ko ya kai aikinsa wani wuri. Ni da Tanyi muka yi wata huɗu muna gyara. Aka sa oda da murya, aka sa sunayen wuraren nama, aka sa mutum a tsakiya mai tabbatarwa da safe. An ba ni takardar gargaɗi saboda na tsallake shugabana, tana nan cikin fayil ɗina. Mbarga kuwa an ƙara masa girma a shekarar da ta biyo, kada ku ce ban gaya muku yadda ofis yake ba.

Mutumin tsakiyar nan, kowa ya san wa ya kamata ya zama. Alhaji ya aika sau biyu, Baba Sale bai zo ba. Sai aka ce ni in je.

Na same shi da hantsi a ƙofar gidan ɗansa, can ƙasan unguwa wajen kwata, yana zaune a kan benci ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi mahaifiyata da jikinta. Na yi masa bayani duka, na ce an gane kuskure, wurinsa yana nan, har da kujera mai kyau da sabuwar waya, kuma yanzu sunan aikinsa zai canja a takarda. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"'Yar Malam," ya ce, "sati uku kina zaune kusa da ni. Kin tambaye ni wa ke son tozo, kin tambaye ni yadda nake gane hadari, har lambar matan Madagascar kin tambaya. Ban ɓoye miki komai ba. Ni kuwa tambaya ɗaya ce da ni, kullum ina so in yi, ina jin nauyin babanki. In kin gama rubutun nan, ni me za a yi da ni? Ke kin san amsar a lokacin?"

Na ce ina zato, amma na rubuta cewa a bar shi.

"Kin rubuta musu," ya ce. "Ni da nake zuba miki shayi, ba ki faɗa mini ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in gaida Alhaji, in ce masa ƙafa ta ƙi, kuma bayan salla zai koma Ngaoundéré wurin 'yarsa. Haka kuwa aka yi. Yanzu mutum biyu ne suke yin aikin da yake yi shi kaɗai, ga kwamfuta a gabansu, kuma har gobe ana faɗa a kan tozo.

Tun daga ranar, duk wurin da aka tura ni, kafin in rubuta kalma ɗaya sai na gaya wa mutumin da zan zauna da shi wanda ya aiko ni, da abin da ake son ginawa, da abin da zai iya faruwa da aikinsa idan an gama. Ofis ba ya son haka, sun ce ina tsorata mutane, ina wahalar da kaina. Gaskiya ne aikin ya ƙara wuya. Wasu suna jin haka sai su ɗauke kai su ci gaba da abin da suke yi, in yi kwana biyar a gefensu ba su ce mini uffan ba. Nakan zauna in jira.